Muna Riƙe da Shi

Halidu, Safiya, Umar, ku zauna ku saurari wannan da Hausar da kuke ji sarai amma kuke ƙyashin amsawa da ita. Na san halinku. In na ce ina kwana ku mayar da Larabci ku ce sabahal hair, in na yi faɗa ku ce ɗayyib Abuya, kowa ya kama gabansa. To wannan karon ba maganar ɗayyib ba ce. Safiya, ke kika fi su iya karanta Hausa, ki karanta musu a fili, kuma kada ki tsallake inda bai yi miki daɗi ba. Tun kuna ƙanana nake ce muku ni maraya ne ɗan Kano, ba ni da kowa a duniya sai ku da Ummanku. Ƙarya na yi muku. Ina da uwa har shekarar da Umar ya faɗo daga keke ya karya hannu, kuma ina da yaya mace da ke raye yau ɗin nan, sunanta Saratu. Ita da uwata Kiristoci ne. Ni ma a cikinsu aka haife ni, sunan da aka raɗa mini Bitrus.

Ƙauyenmu Dogon Marke, can kudu da Kano, manoman dawa ne da gyaɗa. Rabin garin Musulmi, rabi Kirista, kaka ɗaya ya haife mu duka. Cocinmu na Angalikan ne, ginin laka da rufin kwano, benci goma sha biyu, in an cika maƙil ba a wuce mutum sittin ba. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a jikin marken da ke ƙofa, ana dukansa da guntun ƙarfe. Rabaran, wato limamin coci, sau ɗaya a wata yake zuwa a kan keke ya ba da Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabi ke nan da suke ci tare. Sauran Lahadi katikis ne, Malam Dauda, yake karanta addu'o'i daga littafi muna amsawa, mata na buga tulu suna waƙa. Cocin ba shi da ƙyaure. Gara ta cinye na farko, da aka tashi yin wani Malam Dauda ya ce a bari, wa za mu rufe wa? Haka kuwa aka yi. Baba Tanko kuturu yana benci na uku, kuma in lokacin gaisuwar salama ya zo, da kowa ke miƙa wa na kusa da shi hannu, shi ma sai an kama dungulmin hannunsa, ba mai tsallake shi. Talatu mai taɓin hankali tana waƙarta daban da ta kowa, ba mai ce mata yi shiru. Akwai wani Ibo mai shagon magani da ke rera Hausa kamar yana tauna tsakuwa. Fulani masu tallan nono sukan shigo bencin baya su sha inuwa. Wata yarinya da aka kora daga cocin wani gari saboda ta yi ciki ba aure, kusa da uwata take zama, kuma Inna ce ta goya ɗan ranar da aka yi masa baftisma. In kaka ta yi aka zo sujadar godiya, 'yan'uwanmu Musulmi sukan aiko da damin dawa a ajiye gaban bagade, wato teburin Jibi, mu kuma da Babbar Sallah mu ci nama har ya ishe mu.

Akwai wata al'ada tasu da ban taɓa jin wani coci na yi ba, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Suna da wani littafi mai baƙin bango da suke kira littafin na nesa. Duk ɗan garin da ya tafi, ko soja, ko cirani, ko aure, ko fushi, sai a rubuta sunansa. Kowace Lahadi kafin a tashi, mai jagorar sujada zai buɗe ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. In an kira, wani daga gidan mutumin zai miƙe tsaye ya ce, "Muna riƙe da shi." Sai a wuce na gaba. Ba a amsawa a zaune. Ranar da mutumin ya dawo, shi da bakinsa zai amsa ya ce, "Ga ni," jama'a su ce, "Barka da zuwa," a ja layi a kan sunan, mai tsaya masa ya huta. Ko ya sake tafiya ba a sake rubuta shi, wai ya riga ya san hanyar gida. Ina yaro na ɗauki abin wasa ne, mukan ƙirga sau nawa Gwaggo Laraba za ta tashi, don 'ya'yanta huɗu duk suna kudu.

Bayan rasuwar Baba na tafi Kano koyon ɗinki. A can na Musulunta, a hannun maigidana, ba wanda ya tilasta mini, ba wanda ya saye ni. Ku ji wannan da kyau: ban taɓa nadamar Musulunci ba ko na ƙiftawar ido, kuma a kansa nake roƙon Allah ya karɓi raina. Abin da nake nadama shi ne wasiƙar da na rubuta. Wani ɗan garinmu ya same ni a kasuwa ya ce ana kiran sunana kowace Lahadi, Inna na miƙewa. Raina ya ɓaci, wutar sabon shiga tana cina. Na ɗauka addu'a suke yi in dawo addininsu. Na zauna na rubuta wa uwata, wadda ba ta iya karatu ba, wadda sai an karanta mata a gaban mutane, na ce ni yanzu sunana Abubakar, Bitrus ya mutu, a cire sunana daga littafin nan, kada a sake ambatona a coci. Ko gaisuwa ban sa ba. Shekara biyu bayan haka na zo Umra, na samu kafil, wato Balaraben da ya tsaya mini a takardun zama, na zauna a Madina. Da na je neman auren Ummanku, kakanku ya tambayi asalina a gaban dattawan Hausawan Sudan da ke unguwar Al-Sih, kowannensu yana iya lissafa malaman gidansu har kaka bakwai. Na duba, ni me zan lissafa? Na ce maraya ne ni. Daga nan ƙaryar ta samu gindin zama, shekara talatin ina yi mata ban-ruwa.

A shekarar da na ambata, bayan Hajji, ina mahal ɗina, wato shagona na ɗinki, da ke kusa da Masallacin Ƙiblatain, wani alhaji ya shigo da jallabiya a hannu wai a rage masa tsawo. Ina awo yana kallon fuskata, har abin ya dame ni. Can ya ce, "Malam, wannan tabon na girarka, ba ƙahon sa ba ne?"

Tef ɗin awo ya faɗi daga hannuna. San Kawu Iliya ne ya yi mini shi ina ɗan shekara tara. Alhajin ya ce sunansa Garba, daga unguwar Musulmin Dogon Marke. Ya ce shekara da shekaru duk wanda zai tafi Hajji daga yankin, Saratu sai ta je ta same shi ta ce in ya je Madina ya duba teloli, akwai mai tabo a girar hagu. Shi shago na goma sha ɗaya ke nan da ya shiga da jallabiyar nan, har an rage ta sau biyu ba gaira ba dalili. Ya zaro takarda daga aljihu mai lambar waya, ya ajiye a kan keken ɗinkina. Ya ce, "Tsohuwa tana nan, amma ta kusa. Ni dai na sauke amana."

Kwana huɗu takardar tana aljihuna kamar garwashi. A na biyar, bayan la'asar, na rufe mahal na kira. Muryar da ta ɗauka ta tsohuwa ce, ban gane ta ba, ni na bar Saratu tana da goyo. Na yi sallama na ce ni ne. Ta ce, "To. Ka ci abinci?"

Wallahi abin da ta fara tambayata ke nan. Sai daga baya ta ce, "Ƙanena, ba kuɗi muke nema ba, ba kuma cewa muke ka bar abin da kake kai ba. Inna ce ƙafafunta suka ƙare. Kowace Lahadi sai mun ɗauke ta a kujera, in an kira ka sai ta kama benci ta miƙe. Na ce ta bari in tsaya maka, ta ce ita ta haife ka ba ni ba. Ka zo sau ɗaya ka ce ga ni, a ja layin nan, tsohuwa ta zauna."

Na ce, "Ban ce a cire sunan ba tun tuni?"

Ta ce, "Ka ce. Ita ba ta ce ba."

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. Na yanka wa wani Basaudiye thobe, jallabiyarsu ke nan, da hannun hagu biyu, ni da na yi shekara talatin ina yanka ba alli. In na zauna a keke sai in tashi, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Nakan taka daga gidanmu na unguwar Ƙurban zuwa Masallacin Ƙuba in yi nafila, in dawo, in sake komawa, kamar wanda ya yar da wani abu a hanya. Halidu, ka tuna ranar da na mare ka saboda ka bar takalmi a bakin ƙofa? Ba takalmin ba ne, ka yafe mini. Tunanina biyu ne suke kokawa. Na farko, ni Musulmi mazaunin birnin Manzon Allah, in je in tsaya a coci in amsa sunan da na binne? Na biyu, wanda ya fi na farkon ƙarfi ko da yake ban yarda ba a lokacin, in labari ya iso Al-Sih fa? A ce surukin gidan malamai ɗan Kirista ne, kuma maƙaryaci.

Ummanku ce ta fasa ƙwan. Wata safiya kun tafi makaranta, ta ajiye mini shayi ta zauna a gabana, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Abu Halid, wa ke ciwo a gidanku?"

Na ce wane gida, ni ina da wani gida ne bayan wannan?

Ta ce, "Haba. Waƙar nan da kake gunguni in ɗinki ya yi maka daɗi, ka ɗauka ban san ba ta Islamiyya ba ce? Tun ina amarya na gane. Na yi shiru ne don kai ka yi shiru. Uwa ce ko uba?"

Na ce uwa. Na faɗa mata komai, ina jiran ta tashi ta tafi gidansu. Ba ta tashi ba. Ta ce abin da ya ba ta haushi ba asalina ba ne, a'a, shekara goma sha shida tana da suruka ba ta taɓa aika mata ko turare ba, kuma ni na jawo mata wannan abin kunya. Ta tura ni wurin Shehi Usman, limamin zawiyarmu, Allah ya ji ƙansa. Na je ina fatan ya hana ni, don in samu abin jingina. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce ba wanda ya ce in yi ibadarsu, amma Allah da kansa ya umarci ɗa ya kyautata wa iyaye a zaman duniya ko da ba addininsu ɗaya ba. Ya ce, "Uwa ta kira ka, ka ce ga ni. Ina shirka a nan? Abin da ya kamata ka tambaye ni shi ne hukuncin wanda ya bar uwarsa tsaye shekara talatin." Na fito ba abin jingina. Duk da haka sai da na ƙara sati uku, yau in ce kafil bai sa hannu a takardar fita ba, gobe in ce akwai ɗinkin mutane. Ni dai mutum ne mai a bari ya huce, kun sani.

Ku aka ce muku na tafi Kano sayen yadi. Na isa Dogon Marke ranar Alhamis da hantsi. Garin ya canja, an ja wuta, an yi kwalta, amma marken na nan, ƙarfen tayar na nan, cocin an yi masa siminti amma har yau ba ƙyaure. Inna tana kwance a kan tabarma a inuwar rumbu. Ta ƙanƙance, kamar yarinya 'yar shekara goma. Na durƙusa a gabanta. Ta ɗaga hannu ta shafa fuskata har ta kai kan tabon, ta tsaya a nan.

Ta ce, "Ka yi furfura, ɗan nan. Wa ya ba ka izini ka riga ni tsufa?"

Ba ta ambaci wasiƙa ba. Ta sa Saratu ta wanke sabuwar buta ta ajiye mini, ta nuna mini gabas da kanta, ta ce a kira Alhaji Garba ya yanka kazar da za a dafa don kada in ƙi ci. Ta tambayi sunayenku ɗaya-ɗaya tana maimaitawa. Turaren da Ummanku ta aiko ta sa a ƙarƙashin matashinta. Sai da yamma, ina ba ta kunu a cokali, ta ce, "Gata Lahadi. Ba sai ka shiga ba in ba ka so. Tagar nan ta kusa da bencina a buɗe take, murya na shiga." Na ce to, Inna, za mu gani.

Ga inda Shaiɗan ya shigo, kuma ba ta ƙofar coci ya shigo ba. Labari ya bazu cewa Alhajin Madina ya zo. Ranar Juma'a aka ja ni sahun gaba, liman ya ambace ni a huɗuba, wai ga ɗan garinmu maƙwabcin Manzo. Tsofaffi suna kama hannuna suna shafawa a fuska, ana kawo jarirai in tofa musu addu'a. Ni da nake tela mai iƙama, takardar zaman baƙo, a aljihu, wanda ɗan sanda ɗan shekara ashirin ke yi wa tsawa a titi, na zama wani abu. Kuma na ji daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba. Kafin Lahadi ta zo kaina ya kumbura, na kuma shirya wa kaina mafita. Na ce zan je in tsaya a taga, in sun kira Bitrus ba zan amsa ba, don ba sunana ba ne, kuma Inna ba za ta ga laifina ba, ai na zo.

Lahadi da safe aka buga ƙarfe. Samari biyu suka ɗauki Inna a kujerar roba. Na bi su daga nesa da farar jallabiyata, na tsaya a gindin marke, taku kaɗan daga tagar. A tsallaken titi akwai teburin mai shayi, mutum bakwai ko takwas na zaune, cikinsu har da waɗanda suka shafa hannuna ranar Juma'a. Na ga sun daina magana suna kallona. Ciki aka fara. Tulun nan, muryoyin matan nan, ban san duk suna nan a cikina ba sai da na ji leɓena na motsi, na cije shi. Yanzu suna da Rabaran nasu na zaune, wani saurayi siriri da bai kai Halidu na yau ba. Ya yi wa'azi gajere, aka yi gaisuwar salama, na ga wata mata ta miƙo hannu ta taga ta gaisa da wani makaho da ke zaune a waje. Aka ci Jibi. Sannan Rabaran ya ɗauko littafin mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba don ya tsufa. Ya fara kira, ana tashi ana zama. Ina hango ɗankwalin Inna ta taga, shuɗi, ba ya motsi. Na gyara tsayuwa ina jiran Bitrus.

Rabaran ya ce, "Abubakar, ɗan Hannatu."

Daga baya Saratu ta gaya mini yadda aka yi. Ranar da wasiƙata ta iso, Malam Dauda ya karanta wa Inna, ta ce ya sake karantawa. Da ya gama ta ce, yaro ya ce sunansa Abubakar, to a rubuta Abubakar, amma cirewa ba shi ya sa ba, ba shi zai cire ba. Wasu dattawa suka ce ba a taɓa kiran sunan wanda ya bar addini ba. Malam Dauda ya ce littafin na nesa ne, ba na masu biyayya ba. Tun daga ranar, shekara talatin da ɗoriya, sunan Musuluncina ake kira a cocin nan, ni kuwa ina Madina ina fushi da abin da ba a yi ba.

Amma a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne an kira ni da sunana na gaskiya, mafitar da na shirya ta rushe, ba abin da ya rage sai in buɗe baki. Kalma biyu ce. Cocin ya yi tsit, don kowa ya san ina waje. Rabaran bai wuce na gaba ba, ya riƙe littafin yana jira. Na buɗe baki, idona ya kai kan teburin mai shayi, na rufe. Ban san tsawon shirun ba, ni dai a wurina ya fi tafiyar Jidda zuwa Kano. Sai na ga shuɗin ɗankwalin ya fara motsi. Ta kama bayan bencin gabanta da hannu biyu. Saratu ta kai hannu, Inna ta ture. Ta tashi rabi, ta koma, ta sake yunƙurawa har ta miƙe, tana rawa kamar karan dawa. Muryarta ƙarama ce amma na ji ta sarai.

"Muna riƙe da shi."

Aka wuce na gaba. Ni kuwa ina tsaye a gindin bishiya da ƙafafuna biyu lafiyayyu. A rayuwata ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokaci ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Da aka dawo da ita gida na kasa haɗa ido da ita. Saratu ta shige madafa tana buga tukwane, ba ta yi mini magana ba har washegari. Inna ce ta kira ni ta ce in matsa mata ƙafa. Ina matsawa ina kuka, ƙafafun sun kumbura kamar an hura. Na fara cewa, Inna, ki yafe, sai ta katse ni.

Ta ce, "Na ji tarinka a waje, na san kana nan. Shekara talatin ban san inda kake ba, yau na sani. Ƙafafun nan sun saba. Sati mai zuwa ka amsa."

Na rantse mata zan amsa, kuma da gaske nake. Na ma je na samu liman na gaya masa abin da zan yi, ya ce shi bai ga abin tambaya a ciki ba, uwarsa da uwata 'yan ɗaki ɗaya ne. Ashe mutanen teburin shayin ma, in ji Alhaji Garba, jira suke su ji na amsa, sun yi mamakin shiruna. Idon da na ji wa tsoro babu komai a cikinsa. Ranar Laraba da azahar, na idar da salla ke nan a kan tabarmar da ke gefenta, na juyo in tambaye ta ko za ta sha ruwa, na tarar ta tafi. Musulmin garin ne suka haƙa kabarin, haka suke yi wa juna, ni ma na karɓi diga na yi har hannuna ya fashe.

Lahadin da ta biyo na je. Ban tsaya a marke ba, na taka har bakin ƙofar da ba ƙyaure, na cire takalmina bisa sabo na tsaya a nan. Kujerar robar tana wurinta ba kowa a kai. Da Rabaran ya ce Abubakar ɗan Hannatu, na ce ga ni, da ƙarfi, har na tsallaken titi suka ji. Mutum sittin suka ce barka da zuwa. Na kasa kunne cikin muryoyin nan ina neman guda ɗaya, alhali na san da hannuna na zuba mata ƙasa. Ya ja layin. Kwana bakwai ne tsakanin shiruna da amsata, kuma a cikinsu na rasa abin da na zo dominsa.

Kafin in taho Saratu ta sa aka rubuta sunayenku. Na ce ai ba su taɓa zuwa ba balle su tafi. Ta ce jikokin Hannatu ne, kuma suna nesa, me ya rage? Tun daga shekarar, kowace Lahadi tana miƙewa sau uku saboda mutanen da ba su san da ita ba. Na dawo da niyyar gaya muku a satin, sai na ce bari Umar ya warke, bari Halidu ya gama jarrabawa, bari a yi bikin Safiya. Kun ga halin bai bar ni ba. Ummanku ta gaji da yi mini magana, a watan jiya ta ajiye mini biro da takarda a kan keken ɗinki ta fita.

Abin da ya sa na ɗauki biron shi ne, a Juma'ar da ta wuce ɗiyar Saratu ta gaya mini yanzu ita ma a kujerar roba ake kai ta. Ɗiyar ta ce a bar mata tsayuwar, Saratu ta ƙi. Na kira Rabaran na tambaye shi ko amsa ta waya tana karɓuwa, ya ce muryar mutum ai mutum ce. Ba na ce ku shiga coci ba, ba na ce ku yi waƙarsu ba, kun ji abin da Shehi Usman ya faɗa. Ku yi fushi da ni yadda kuke so, na cancanta, amma ku yi shi daga baya. Ranar Lahadi, daidai lokacin da muke fitowa daga sallar azahar, ku zo gida ku ukun ku zauna kusa da wayata. Lambar Najeriya za ta kira. Za ku ji ana jero sunaye, sannan a zo kan naku. Kada wanda ya ce aiwa, tsohuwar ba ta jin Larabci, ko na'am ma ba ita ake so ba. Ku ce ga ni. Kuma wannan Lahadin nake nufi, ba ta sati mai zuwa ba.